Ranar da Mai Ƙanƙara Ya Bar Ƙanƙara a Buɗe

Kafin masu shaguna su gama kokawa da kwaɗunan ƙofa, kukan amalankensa ne ke fara shigowa layin kasuwarmu. Ƙafar hagu ce ke wannan kukan. An sha gaya masa ya ɗiga mata mai, sai ya ce a ƙyale ta, ita ce ke yi masa sallama. Shagona na littattafai da alƙaluma yana fuskantar shagon Yayana mai sayar da ɗanyen kifi, don haka tun da na ajiye alli na bar aji na dawo nan da zama, babu safiyar da ban ga aikin Mai Ƙanƙara da idona ba. Sunan da kowa ke kiransa ke nan, babba da yaro. Matarsa ma in ta zo cigiyarsa, Mai Ƙanƙara take tambaya.

Da sanyin asuba yake isa kamfanin ƙanƙara. Ya sa ƙugiya ya jawo manyan bulo daga cikin mazubinsu, ya jera su a kan 'yan katakai da ya gitta cikin amalanken, yadda ruwan da ya narke zai zurare ta ƙasa. Ya barbaɗe su da garin katako, ya lulluɓe da buhunan algarara, ya bi kowace kusurwa yana cusa bakin buhu kamar mai shirya jariri za a fita da shi. In ka gaishe shi yana tsakiyar wannan aiki, to sai ka yi haƙuri, amsarka tana nan tafe in ya gama. Dokokinsa biyu ne, kuma duk ɗan kasuwar nan ya haddace su ko yana so ko ba ya so: ba a barin ƙanƙara ta kwanta cikin ruwanta, ba a kuma barinta a buɗe. Na taɓa ganin ya tsayar da amalanke a tsakiyar titi, direbobi na ta zuba masa hon da baƙar magana, don kawai ya ja wa mai sayar da lemo buhu a kan ƙanƙarar da ba ma shi ya kawo masa ba.

A ƙarshen watan da ya wuce ya rataye ƙugiyarsa. Gwiwoyi sun ce sun gaji, likita ya goyi bayansu. Ba a yi masa taro ba, ba a yi jawabi ba, ya dai wanke amalanken ya miƙa wa wanda zai gaje shi, ya tafi gida a ƙafa. Abin ya tsaya mini a rai, wallahi. Mutum ya ƙarar da ƙuruciyarsa da ƙarfinsa yana sanyaya wa gari, a sallame shi kamar wanda ya zo wucewa? To ga nawa jawabin, wanda ya ga dama ya karanta.

Masu shaida ba su da wuyar samu. Ungozomar asibitin unguwa ta gaya mini cewa shekarar da wuta ta ɗauke kwana da kwanaki, firijin allurar rigakafi ya tsaya, shi ya riƙa kawo musu ƙanƙara safe da yamma ba tare da kowa ya aike shi ba, har wuta ta dawo ba a zubar da kwalba ko ɗaya ba. Matan da ke tallar kifi a tire sun san ko ba su kai sayen bulo ba, sai ya fasa musu ɗan gefe ya tura cikin tiren yana kallon wani wuri. Iyaye mata kuwa, duk wadda zazzaɓi ya taɓa kama mata ɗa a unguwar nan ta san inda ake tsayawa a tare amalanke, ta kuma san ba a tambayarta komai sai jikin yaro.

Mai Ƙanƙara, kai ne wanda hannunsa ya fi na kowa sanyi a garin nan, amma ba a taɓa gaisawa da kai aka tafi da sanyin jiki ba. Wannan kowa ya sani. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne abin da ka yi wa gidanmu a makonka na ƙarshe, kuma shi ne ainihin abin da ya zaunar da ni rubutu.

Yayana yana da 'ya, autarsa, muna ce mata Agwagwa, don tun tana rarrafe in aka neme ta aka rasa, a duba bahon wanki. Ta girma ta karanci ilimin teku da halittun cikinsa, abin da mu a gidan sai da muka sa ta maimaita mana sunansa kafin ya zauna a bakinmu. Bara aka ɗauke ta cikin wani jirgin ruwa na masu bincike, suka nausa can ƙarshen duniya ta kudu, inda ƙanƙara ke tsaye tsauni guda a bakin teku. Yaya ya yarda a lokacin, don ya ɗauka karatu ne irin na cikin ɗaki da tebur. Sai da ta dawo ta nuna wa 'yan gida wani bidiyo a waya, igiyar ruwa tana haye jirgin tana wanke shi, sannan ya gane inda 'yarsa ta je. Ya tashi ya bar ɗakin.

Bana suka sake nemanta. Jirgin zai koma, suna son ta a ciki, suna kuma jiran amsa. Ita kuwa ta rantse ba za ta sa ƙafa a jirgi ba sai Babanta ya ce je ki da bakinsa. Shi kuma ya kafe. Wai an kashe ƙarfi an tura yarinya makaranta, ta ƙare a kallon ƙanƙara, abin da ke cike da akwatin shagonsa kullum. Uwarta ta yi lallashi ta gaji. Ni na yi masa tatas a gaban kifinsa, don ba na iya ganin abu in haɗiye, ya ce mini in koma in sayar da fensir. Yaya ke nan. In ya ce a'a, ko katanga ta fi shi sauƙin matsawa.

A daidai wannan lokaci aka kawo nunin hotunan tafiyar tasu garinmu. Manyan alluna ne, kowanne ya fi ƙofar ɗaki, aka ɗaure su a jikin shingen lambun gari ta gefen titi, a fili, ba ƙofa ba mai gadi, duk mai wucewa ya kalla. Akwai bangon ƙanƙara fari da shuɗi yana tsagewa yana zubewa cikin teku. Akwai wasu tsuntsaye masu tafiya a tsaye, baƙin baya, farin ƙirji. Akwai wata dabba mai fuskar kare da jikin cikakken buhu tana kwance a kan ƙanƙara, da wani ƙaton dabban teku wanda jelarsa kaɗai ta isa ta rufe mota. Agwagwa aka ɗora wa tsayawa a wurin ta yi wa jama'a bayani, kuma ranar da za a kwance allunan ita ce ranar ƙarshe da masu jirgi za su jira amsarta. Ta sa rai Babanta zai zo ya gani, ko zuciyarsa ta yi laushi. Shi kuwa ya canza hanya ɗungurungum, ya koma zagayawa ta bayan tasha don kada ma idonsa ya faɗa kan shingen.

Ba shi kaɗai ba. Mutanen garin ma wucewa suke yi abinsu. Wani ya ɗan rage tafiya ya ce hotunan sun yi kyau, wata ta tsaya ta ɗauki hoton kanta a gaban tsuntsayen ta ƙara gaba. Yarinya tana tsaye a rana da bayani cike da baki, babu mai saurare. In na kai mata ruwa da rana sai in tarar ta yi tsuru-tsuru, ta ƙaƙalo murmushi ta ce Gwaggo ba komai. Ni kuwa na san da komai.

Shingen lambun yana kan hanyar Mai Ƙanƙara. Agwagwa ce ta ba ni labarin ranar da ya fara tsayawa. Ta ce ya taho yana tura amalanke, ya wuce allo na farko, ya wuce na biyu, da ya iso babban hoton bangon ƙanƙarar sai ya ja birki. Ya daɗe yana kallo, fuskar nan a ɗaure. Sannan ya juyo gare ta.

“'Yata, wa ya bar wannan a buɗe?”

Ta yi dariya, ta ɗauka zolaya ce irin tasa. Sai ta ga mutumin nan ba wasa a idonsa. Ta shiga yi masa bayani cewa bangon ya fi duk wani bene na garin nan tsawo, faɗinsa kuma sai a yi tafiya a mota ba a ga ƙarshensa ba, buhunan duniya duka ba za su rufe shi ba. Ya tambaya ko a cikin ruwa yake zaune. Ta ce gabansa a kan teku yake, kuma ruwan da ke ƙarƙashi yana ƙara ɗumi, yana cinsa ta ƙasa inda ido ba ya gani. Ta ce sai ya nemi bakin dakali ya zauna. Ya ce ya san wannan ciwon: ka ga bulo lafiyayye daga sama, ka sa ƙugiya ka ɗaga, ya rabe biyu a hannunka. Ya girgiza kai ya ce dokokinsa biyu an karya su a wuri ɗaya, kuma babu wanda ya gaya masa.

Daga ranar ya zama ɗalibinta. In ya gama rabon ƙanƙara sai ya dawo ya jingina amalanke, ya bi allunan ɗaya bayan ɗaya yana tambaya. Tsuntsayen nan da farko ya ɗauka mutane ne suka yi layi sanye da riga iri ɗaya, har yana tambaya me ake rabawa. Ya ƙi yarda sam cewa wannan ƙaton dabban, da duk girmansa, 'yan mitsi-mitsin jatan lande yake ci, sai da ta nuna masa hotonsu a tafin hannunta. Ta gaya masa su waɗannan ƙananan suna kiwo ne a kan gansakukar da ke fitowa a ƙarƙashin ƙanƙarar teku, in ƙanƙarar ta ragu abincinsu ya ragu, in suka ragu kuma tsuntsu da kifi da ƙaton dabba kowa ya shiga uku. Ya tambayi aikinta a jirgin. Ta ce suna zura na'ura cikin ruwa su auna ɗuminsa, su ɗebo halittun su duba lafiyarsu, don duniya ta san abin da ake ciki. Ya ce to ashe abokiyar sana'a ce, sai dai nata shagon ya fi nasa girma.

Shi ma ya lura jama'a ba sa tsayawa, kuma ya san halin mutanen garinsa fiye da yadda yarinya ta sani. Wata safiya ya zo da bulo guda, irin wanda ya tsage da kamfani ke bar wa masu dako. Ya ɗora shi cikin faranti a kan tebur, daidai ƙarƙashin babban hoton. Ya kakkaɓe garin katakon. Ya naɗe buhun ya saɓa a kafaɗa. Ya bar ƙanƙara tsirara a rana, tana kwance cikin ruwanta. Agwagwa ta ce da ya gama sai ya juya wa ƙanƙarar baya, ya tsaya yana kallon titi, don ba zai iya gani ba.

Kafin azahar labari ya zagaye kasuwa: Mai Ƙanƙara ya bar ƙanƙara a buɗe. Wasu suka ce tsufa ne ya fara taɓa shi, wasu suka ce sai sun gani da idonsu. Haka aka yi ta tururuwa, ba don hotuna ba, don a ga abin da ya sami dattijo. Duk wanda ya zo ya tambaye shi lafiya, sai ya nuna hoton da haɓa ya ce a tambayi yarinya. Yara suka riƙa ɗora tafin hannu a kan bulon suna tsalle, manya suka riƙa leƙa ƙarƙashinsa suna ganin yadda ruwa ya rarake shi. Agwagwa ta samu masu saurare har muryarta ta dushe. Malaman makarantu suka fara kawo ɗalibai aji-aji. Kullum da safe sabon bulo, kullum dattijo ya juya baya.

Gari duka ya zo, ban da mutum ɗaya. Yaya ya ji labarin, ya ce abokinsa ya zama ɗan wasan kwaikwayo da tsufansa. Su biyun tun suna samari suke tare, ɗaya na kawo ƙanƙara ɗaya na zuba kifi, kuma a duk tsawon wannan zama Mai Ƙanƙara bai taɓa sa Yaya jira ba. Ruwa ko iska, ciwo ko rasuwa, in bai iya zuwa da kansa ba sai ya aiko. Ya gwada yi wa Yaya maganar yarinya sau ɗaya yana sauke kaya, Yaya ya ce ya tsaya a kan abin da ya kawo shi. Kwanakin nunin suna ta ƙarewa. Agwagwa ta fara cewa wataƙila ta nemi aikin koyarwa a nan kusa, tana faɗa tana kallon ƙasa.

Sai ga wata safiya layin kasuwa shiru, babu kukan amalanke. Yaya ya buɗe shago, ya leƙa titi, ya koma, ya sake leƙowa. Rana ta fara zafi. Ina kallonsa yana buɗe akwatin kifi yana rufewa, yana goge gumi. Ni kaina gabana ya faɗi, na ce ko dattijo ya faɗi a hanya. Can sai ga mai lemo ya taho yana sosa ƙeya, ya ce Mai Ƙanƙara ne ya aiko shi: ƙanƙarar Mai Kifi tana bakin lambu, a buɗe, in yana so ya je ya ɗauka da kansa.

Ban taɓa ganin Yaya ya yi sauri irin na ranar ba. Ko rigar aikinsa mai ƙarnin kifi bai cire ba. Na ja ƙofar shagona na bi shi, don wannan ba abin da za a ba ni labari ba ne. Muka tarar da amalanken a gindin babban allo, bulon Yaya a jere, babu buhu babu garin katako, ruwa na ɗiga ta ƙasa har ya yi hanya a kan kwalta. Dattijo yana tsaye da buhunan a rungume a ƙirji, kuma wannan karon bai juya baya ba. Agwagwa tana gefe ta kama bakinta, don ita ma ba ta san da shirin ba.

Yaya ya zazzaga masa faɗa iya son ransa. Ya ce cin amana ne, ya ce kifinsa na can zai lalace, ya ce da hankalinsa da furfurarsa. Yaya ya kai hannu zai fizgi buhu ya rufe kayansa, dattijo ya riƙe gam. Suka tsaya suna ja, tsofaffi biyu a bakin titi, jama'a na kallo.

“Ka ji yadda abin ke ci maka rai, Mai Kifi?” in ji dattijo a hankali. “Wannan ni da kai muna iya rufe ta yanzu-yanzu. Ɗaga kanka ka ga wadda ba ta da mai rufewa. 'Yarka ce ke zuwa duba ta.”

Yaya ya ɗaga kai don dole, tunda allon yana bisa kansa. Ya kalli bangon ƙanƙarar. Can ƙasan hoton akwai ɗan ƙaramin kwalekwale, a cikinsa wani ɗigo mai jar riga ya sunkuya yana zura igiya a ruwa. Idon Yaya ya tsaya a kan ɗigon. Ya saki buhun. Ya matsa kusa har hancinsa ya kusa taɓa allon.

“Wannan ke ce?”

“Ni ce, Baba.”

Ya daɗe a tsaye. Na ɗauka zai ce wani abu, kowa ma haka ya ɗauka. Sai ya juya, ya kama hannun amalanken da kansa, ya tura ƙanƙararsa zuwa kasuwa bai kalli kowa ba. Dattijo ya bi shi a baya yana ɗingishi, yana jefa buhu a kan kayan ana tafe.

Kifi dai bai lalace ba. Da Yaya ya tona akwatin sai ya tarar ashe tun jiya abokin nasa ya danƙara masa ƙanƙara a ƙasa fiye da ta kullum. Kada ku ɗauka wannan ya sanyaya shi. Ƙara tunzura ya yi, don ya gane an shirya masa abin ne tun da wuri. Ya daina amsa gaisuwar Mai Ƙanƙara. A sauke kaya, a rufe, a tafi, ba um ba um-um. Haka ranar aikinsa ta ƙarshe ta zo ta wuce, mutumin da suka yi rayuwa tare bai ce masa ko sannu da aiki ba. Na ga dattijo ya ɗan tsaya a ƙofar shagon bayan ya gama, yana gyara buhun da ba ya bukatar gyara, sannan ya tafi. Na shige bayan kantata na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Na tare shi daga baya na ce ya yi haƙuri da halin Yaya. Ya ce mini, Malama, ya san abin da zai biya tun kafin ya cire buhun, kuma ko yau aka sake sai ya cire. Ya ce in daina ganin laifin Yayana, ba raini ne ke damunsa ba, tsoro ne, kuma mai tsoro ba a yi masa gardama, sai dai a kai shi ya tsaya a gaban abin.

Mai ban ruwan lambu ne ya tsegunta mini cewa ana gobe za a kwance allunan ya ga Mai Kifi da sassafe shi kaɗai a bakin shingen. Wai ya bi su tun daga na farko har na ƙarshe, hannu a baya, yana karanta rubutun ƙasan kowanne da yatsa. A ranar da yamma muna zaune a gidansa, ana hirar da ba ta shafi komai ba, sai ya kalli Agwagwa ya tambaye ta ko wannan jar rigar tana da kauri kuwa. Ta ce tana da shi. Ya ce bai yarda ba, a hoto ta yi masa shara-shara, ta gaya wa masu jirgin su ba ta wadda ta fi ta, in ba haka ba shi zai nemo. Uwarta ta tashi ta shige kicin da sauri. Agwagwa ta durƙusa a gabansa, ya ɗora mata hannu a ka ya ce ta je, Allah ya tsare.

Bayan tafiyarta Yaya ya ce in raka shi wani wuri, bai faɗi ina ba, ni ma ban tambaya ba. Muka tarar da dattijo a ƙofar gidansa ya miƙe ƙafafu a kan tabarma, gwiwoyin a naɗe da tsumma. Yaya ya zauna a gefensa. Bai ba da haƙuri ba, wanda ya san Yaya ba zai sa ran haka ba. Ya ce ta tafi. Dattijo ya ce Allah ya kai ta lafiya.

“Ka dai sani,” in ji Yaya, “kai ka tura ta. In wani abu ya…”

Mutumin da ban ga hawayensa ba tun rasuwar mahaifiyarmu, sai ga shi kafaɗunsa suna rawa. Dattijo ya miƙa wannan hannu nasa mai kaushi ya rufe na Yaya da shi.

“Mu biyu muka tura ta,” ya ce. “Mu biyu za mu jira ta.”

Yanzu haka da nake rubutun nan tana can, kuma ba ni da tabbacin komai sai abin da muke roƙo. Saƙo yana zuwa jefi-jefi in sun samu hanya. Duk ranar da ya zo, Yaya yakan rufe shago da wuri, abin da bai taɓa yi ba, ya sa waya a aljihu ya nufi gidan abokinsa, don ya ce ba zai buɗe shi kaɗai ba.

Ga masu karatu, ban ce ku je ku bar kayan mutane a rana ba. Amma kowa a cikinmu yana da abin da ya iya, yana da sunan da ya tara, yana kuma da wani na kusa da ya kafe a kan kuskure don tsoro. Yawancinmu mukan zaɓi zaman lafiya da shi, mu bar yaro ya yi asara. In irin wannan rana ta zo muku, ku tuna akwai dattijon da ya ɗauki amanar da ya fi taƙama da ita ya ajiye a bakin titi saboda 'yar wani. Ku kuma waiwayi masu tura muku kaya kullum da safe, ku ce musu sannu tun suna ji.

Mai Ƙanƙara, kai ne ka rufe wa garin nan abin da zai lalace tsawon rayuwarka, kuma da ranar buɗewa ta zo ba ka ja da baya ba, duk da ka san abin da za ta ci maka. Na gode, a madadin uwarta da ba ta iya magana a gaban mutane, da Yayana da ba zai taɓa faɗa ba ko za a yanka shi. Allah ya ba gwiwoyin nan sauƙi, ya sa ka huta da daɗi. Agwagwa ta ce in gaya maka a saƙonta na baya cewa sun isa, ta ga bangon, yana nan tsaye tukuna. Ka kula mana da Yaya har ta dawo.